Bangon Masu Sauraro

Ana gab da kiran magariba Ƙararrawa ya tsallaka harabar gidan rediyo, takardun labarai a hammata, ya nufi tsohon gini. Ba don yana so ba. Inna ce ta bugo masa waya har ofis, ta ce Auta bai dawo cin abincin rana ba, wayarsa kuma ba ta shiga, ya leƙa ya gano mata shi kafin ya hau karanta labarai. Ya ce mata gardi mai mata da 'ya ai ba ɗan akuya ba ne da za a bi shi da igiya. Ta ce ko furfura ya yi, autanta ne. Ya ajiye wayar yana tsaki.

Ƙararrawa ba sunan yanka ba ne. Masu sauraro ne suka laƙaba masa, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu. Allah ya ba shi murya irin wadda in ta fito daga akwatin rediyo tela yakan ɗage ƙafa daga keke, mai wanke-wanke ta tsaya da kumfa a hannu. Ya san da haka, har ya fi kowa sani. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya zama kusa da mai hayaƙi, wuyansa kullum a naɗe ko ana zafin fasa dutse. Matarsa takan ce mutum biyu take yi wa hidima a gidan nan, maƙogwaro da mai ɗauke da shi.

Auta ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai fenti da gyaran bango, kuma mai i'ina tun yana yaro. Kalma takan maƙale masa kamar tsokar nama a haƙori, ya runtse ido, ya buga ƙafa, kafin ta fito. Ƙararrawa bai taɓa jiran ta fito ba. Shi yake ƙarasa masa zance, kuma ba abin da Auta yake nufi yake ƙarasawa ba, abin da shi yake so a ce. In baƙi sun zo yakan kwaikwaye shi a yi ta dariya, Auta ma ya yi, don bai san wata hanyar zama da yayansa ba. Ƙararrawa cewa yake ranar rabon harshe shi ya yi sammako, Auta ya tarar har an kankare tukunya.

Shi ya samo wa Auta aikin tsohon ginin, bayan Inna ta yi ta naci. Gidan rediyon zai yi bikin cika shekaru, aka ce a gyara ginin farko don manyan baƙi su zaga, aka kuma ɗora Ƙararrawa a kan kwamitin gyara.

Gini ne da ba a ƙara yin irinsa ba. Daga titi kamar goshin jirgin ruwa yake, ya tsaga hanya biyu, dutsensa da yake fari a da ya koma ruwan toka. A saman ƙofar shiga an sassaƙa wani mutum ya kafa hannaye a baki yana kira, maganarsa tana fita tana zama tsuntsaye. Daɓen zauren ƙananan duwatsu ne masu launi, an jera su zobe cikin zobe, kamar an jefa tsakuwa a tafki. Waɗanda suka gina shi sun san abin da suke yi. Ofisoshi suka jera a waje, layi bayan layi kamar ɓawon albasa, suka ɓoye Babban Ɗaki a can tsakiya inda ƙarar titi ba ta kaiwa. Ɗaki ne kewayayye, ba taga ko ɗaya, ƙofarsa mai kauri an lulluɓe ta da fata, makirufo yana rataye daga rufi a daidai tsakiya. Daga nan muryar farko ta fita zuwa gidajen mutane. Da aka gina sabon gini mai gilasai, aka bar wannan wa tattabaru da karyayyun kujeru.

A jikin bangon ɗakin nan, daga gefen ƙofa ya zagayo har ɗaya gefen, an sassaƙa masu sauraro. Manomi da fartanya a kafaɗa, mace da goyo, masunci, soja, makaho da sandarsa, tsohuwa ta tallabe haɓa, 'yan makaranta sun cunkushe. Duk sun karkato kai zuwa makirufo, wasu sun sa tafin hannu a bayan kunne. Kunnuwansu sun ɗan fi na mutane girma. Babu mai baki a cikinsu. Daga hanci sai haɓa, sumul. Tsofaffin ma'aikata sukan ce hikimar mai sassaƙa ce, wai mai sauraro kunne ne ba baki ba, kuma ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.

Auta ne ya gano ba haka ba ne. Yana wanke bangon, sai wani ɓangaren filasta ya ɓalle daga fuskar masuncin, ga leɓe a ƙasa, an sassaƙa shi da kyau, a buɗe. Ya je ya kira yayansa ya nuna masa. Filastar ba irin ta sauran ginin ba ce. Da hannu aka dandanna ta, ga shatin yatsu nan, aikin wanda yake sauri.

"Yaya, wa-wanda ya r-r-rufe..."

"Ya ɓata aikin mutane. Na ji. Buɗe su duka."

Auta ya girgiza kai, ya ɗaga tafin hannunsa yana son ya ce wani abu game da sanyin da ya ji yana fitowa daga ramin. Ƙararrawa ya ce a gaban bangon nan za a ɗauke shi hoto da manyan baƙi, ba zai tsaya gaban jama'ar da suka yi kama da dankali ba. In aikin ya fi ƙarfinsa, masu fenti sun fi ƙudaje yawa a gari. Auta ya ɗauki guduma.

Yau ne ya ce zai gama.

Ƙararrawa ya tura ƙofar gaba. Tattabaru suka tashi fir daga saman matakala. Babu wuta a ginin, an yanke ta tun shekarun baya, sai ɗan jan hasken yamma da yake shigowa ta tagogin sama ya kwanta a daɓe. Warin kashin tsuntsaye, warin tsohuwar takarda da ta sha danshi. Ya ja mayafin wuyansa ya rufe hanci, don ƙura ba ta yi wa murya daɗi.

Ya bi lungun da yake lanƙwashewa. Kowace ƙofa ya wuce, ƙarar gari tana raguwa. Hon ɗin motoci ya fara tafiya, sannan hayaniyar masu tashi daga aiki. Daga can nesa ladan ya ɗaga murya, kafin ya kai ƙarshen kalmar farko bango ya haɗiye shi. Sai takun takalminsa ya rage, shi ma kamar a kan auduga.

Ƙofar Babban Ɗaki a buɗe take, an tokare ta da bokitin fenti. Ya sa ƙafa ya ture bokitin don ya wuce ba tare da ya ɓata wando ba. Ƙofar ta biyo bayansa a hankali, ta rufe ba ƙara.

Auta yana zaune a kan matakin tsani na ƙasa, fitilar caji a gabansa, jikinsa fari fat da ƙurar filasta. Guduma tana ƙasa. Bai ɗago ba. Ƙararrawa ya tambaye shi ko jira yake a kawo masa tabarma da matashi, Inna tana can ta hana kowa sakat. Auta ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓensa.

Sai Ƙararrawa ya dubi bangon.

Ya gama kuwa. Duk bakunan a buɗe, baƙi ƙirin a ciki, zurfinsu ya fi kaurin bangon. Na tsohuwar ba haƙori. Na jaririn da yake goye ɗan ƙarami ne, zagayayye. Ɗakin da sanyi irin na bakin rijiya, kuma akwai wani wari da ba na filasta ba, warin bakin wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Harshen mayafinsa ya ɗan motsa. Ya koma. Ya sake motsawa.

Ɗakin ba taga. Numfashi ne.

Auta ya raɗa, da ƙyar, cewa tun azahar yake son fita, duk sanda ya doshi ƙofa sai ya ga hannun sojan ya sauya wuri. Ƙararrawa ya buɗe baki zai ce masa ƙurar fenti ce ta hau masa kai.

A saman ƙofa jar fitila ta kama.

Wanda bai yi aikin rediyo ba ba zai gane ba. Abu na farko da ake koya wa mai gabatarwa, kafin a koya masa riƙe takarda, shi ne in jar fitila ta kama ba a shiru. Shiru a iska ya fi ɓatanci muni. An kori mutane saboda shi. Shekaru da shekaru Ƙararrawa yana ganin jan nan yana buɗe baki kafin tunani ya iso, kamar yadda ido yake ƙiftawa. Bai tuna babu wuta a ginin ba. Ƙafarsa ta kai shi ƙarƙashin makirufo, ƙirjinsa ya buɗe, muryar nan ta fito cikakkiya.

"Barkanku da yamma, masu sauraro."

Dutse ya goga dutse. Kawunan suka juyo gaba ɗaya.

Wani abu ya zare daga maƙogwaronsa, siriri, mai sanyi, kamar an ja zare daga cikin tsumma. Sannan manomin ya motsa leɓe.

"Barkanku da yamma," in ji manomin, da muryar Ƙararrawa. Matar mai goyo ta karɓa. Makaho ya karɓa. Gaisuwar ta zagaya bangon, baki zuwa baki, suna juya ta kamar masu tsotsar ƙashi, har ta kai kan jaririn, shi ma ya faɗe ta da muryar ƙaton namiji.

Ƙararrawa ya so ya maimaita, don ya tabbatar tasa tana nan. Harshensa ya je wurin ya tarar da rami, kamar gurbin haƙorin da aka cire. Ya nemi wata gaisuwar, ta safe, ta rana, ta shiga gida, ta ban kwana. Babu. Ba ɓawon magana suka ɗauka ba, da saiwarta suka tumɓuke.

Ya dafe bakinsa da hannu biyu. Takardun labarai suka zube.

Shiru ya sauka. Jar fitila tana nan.

A cikin shirun ya ji ƙurar dutse tana zuba, sir sir, kamar gishiri. Kafaɗar masunci ta fito daga bango. Sandar makaho ta taɓa daɓe. Ƙas. 'Yan makarantar nan suka miƙo wuya. Su ma ba sa son shiru.

Ya dubi ƙofa. Sojan yana gefenta, hannunsa na dutse ya gitta ta.

Addu'a ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta. Tsoro ya ji kada ita ma a karɓe. Mutumin da yake rowar addu'a a irin wannan wuri, ai ya riga ya nuna wa yake bauta wa.

"Ya-ya-ya..." in ji Auta. "Yaya, mu t-t-t..."

Motsin ya tsaya.

Duk kawunan suka koma kan Auta. Hannun sojan ya sauka daga ƙofa, ya koma bayan kunnensa. Suna jira kalmar ta fito. Ba sa gaggawa. Sun saba jira.

"...tafi."

Auta ya kama wuyansa. "Mu tafi," in ji tsohuwar, da i'inarsa da komai, bangon ya karɓa.

Ƙararrawa ba wawa ba ne, wannan ba wanda ya taɓa zarginsa da shi. Nan take ya gane yadda abin yake. In ana magana, kunne suke zama, ƙofa ta samu. In an yi shiru, hannu suke zama. Kuma mai maganar ba ya fita, don duk inda ya yi nan za su bi. Ɗaya zai tsaya ya yi ta zuba, ɗaya ya wuce.

Ya auna. Shi rumbu ne cike da magana. Zai iya tsayawa ya ba su rabi, Auta ya fita ya kira mutane, ya rage masa abin da zai yi cefane da shi ya yi hira da 'ya'yansa. Amma ba zai ƙara karanta labarai ba. Ya dubi ƙanensa. Kalma ɗaya a bakin Auta takan ɗauki lokacin da shi zai karanta jimla uku. Ga tsoro kuma ya ƙara ɗaure masa harshe. Daga tsakiyar ɗaki zuwa ƙofa, Auta ba zai yi asarar abin kirki ba. Haka ya gaya wa kansa. Me ma yake yi da maganar?

Ya kama hannunsa ya jawo shi ƙarƙashin makirufo. Ya nuna bakin Auta, ya nuna makirufo. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙofa, ya yi alamar zai riƙe ta a buɗe ya jawo shi.

Auta ya dube shi. Ya gyaɗa kai. Bai taɓa ƙin abin da yayansa ya ce ba.

Amma bakin ya ƙi buɗuwa. Leɓe yana rawa, ba sauti.

Ƙas. Sandar makaho ta matso.

Ƙararrawa ya kama kunnen Auta ya murɗe, yadda yake yi masa suna yara.

"I-I-Inna," in ji Auta.

Suka tsaya.

Ƙararrawa ya sunkuya ya tattara takardunsa. Har wannan ya yi. Ya fara ja da baya, a kan yatsun ƙafa.

Auta bai san me ake faɗa a makirufo ba. Abin da yake da shi ya fara bayarwa. Ya kira Inna. Ya kira matarsa. Ya kira 'yarsa da sunan wasan da shi kaɗai yake kiran ta da shi, sai da ya buga ƙafa sau da yawa kafin ya fito, jaririn dutse ya cafe. Ya shiga lissafa launukan da yake haɗawa, shuɗi, ɗorawa, ruwan ƙasa. Hawaye suna tsaga ƙurar fuskarsa. Idonsa a kan yayansa.

Tunda aka haifi Auta, yau ne Ƙararrawa ya bar shi yana ƙarasa zancensa da kansa.

Bayansa ya taɓa fatar ƙofa. Sojan yana dab da shi, ana jin sanyin dutsen a kumatu. Bai juyo ba. Kunnensa yana can.

Ya lalubi mariƙin. Ya ja. Ta buɗe.

Auta ya ɗaga ƙafa zai taho. Nan da nan sandar makaho ta gitta gabansa, masunci ya dafa kafaɗarsa, a hankali, kamar mai lallashi. Hannun sojan ya fara sauka daga kunne.

In Ƙararrawa ya riƙe ƙofar, hannun zai same shi.

Auta ya miƙo masa hannu. Bakinsa ya yi siffar kalmar da yake kiran sa da ita tun yana rarrafe. Ba ta nan. Ya riga ya bayar.

Wani abu ya motsa a cikin Ƙararrawa, ɗan abin da ya rage masa, ya fito kafin ya danne shi. A raɗe ya faɗa, ƙafa ɗaya a waje, jan haske a kan fuskarsa.

"Yi haƙuri, ƙanena. Ka yafe mini."

Zaren nan mai sanyi ya sake zarewa.

Ya fita. Ya ja ƙofar da hannunsa ya rufe.

Ƙofa ce mai kyau. Ba a jin komai.

Ya bi lungun da gudu, ya yi karo da karyayyar kujera, ya tashi. Ƙarar gari ta dawo masa kaɗan kaɗan. A waje duhu bai gama rufawa ba, masu gadi suna naɗe tabarmar salla. Ya tsaya yana haki. Ya dube su, ya dubi agogon hannunsa. In ya tsaya bayani, wani za a ba labaran ya karanta, wani yaro mai jiran gado da ya daɗe yana leƙen kujerarsa. Ya kaɗe ƙurar rigarsa, ya gyara mayafi, ya hau bene.

Da fitila ta kama a sabon ɗakin, bai gai da kowa ba. Kai tsaye ya ce ga labaran duniya. Ya karanta su tas, har da hasashen yanayi. Mai kula da na'ura ya ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi, ya ce sabon salon nan ya yi.

Sai bayan nan ya kira masu gadi, ya ce mai fentin nan bai fito ba, a zo a taya shi dubawa.

Sun tarar da jar fitila a mace, da ƙura a kanta. Masu sauraro suna jikin bango yadda aka sassaƙa su. Auta yana zaune a ƙasa ƙarƙashin makirufo, ya rungume gwiwoyinsa. Bakinsa yana buɗewa yana rufewa kamar na kifin da aka jefo tudu. Ko nishi ba ya fita. Da ya ga yayansa sai ya rufe bakin, bai ƙara buɗewa ba.

Likita ya ce maƙogwaro lafiya lau, harshe lafiya lau. Aka ba shi biro, ya riƙe, ya zuba wa takardar ido, ya ajiye. Shugaban gidan rediyo ya leƙa ɗakin sau ɗaya da rana tsaka, ya fito ya ce a kawo magina daga wani gari su shafe bakunan da siminti, a sa kwaɗo. Bikin a sabon gini aka yi shi, hoton Ƙararrawa ya yi kyau ƙwarai.

Labarin da ya ba Inna ya fi na rediyo tsari. Ya ce ya tarar da ƙofa ta kulle kanta, ya yi ta dukanta har kafaɗarsa ta kumbura, ya nuna mata ƙujewar da kujera ta yi masa. Inna ta yi kuka, ta sa masa albarka. Ta kamo hannun Auta ta ɗora a kan na yayansa, ta ce tunda baki ya ƙi, ya durƙusa ya gode masa da jiki. Auta ya durƙusa. Matarsa ma ta durƙusa. Ƙararrawa ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Rayuwa ta ci gaba da tafiya, ba ta tsaya wa kowa. Auta ya koma fenti, masu gida suna son sa don ba ya musu a kan farashi. 'Yarsa ta girma ba ta tuna yana da wani suna da yake kiran ta da shi ba. Ƙararrawa ya samu ƙarin girma. Mutane suka ce girman ya hau masa kai, ba ya gai da kowa, in ka gaishe shi sai ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ko gaban Inna ya shiga, sai ya tsuguna ya yi shiru, ta ce aiki ne ya gajiyar da shi. In zai yi zancen Auta kuma sai ya ce wannan, ko mai fentin nan. Masu gadi sukan ce da magariba, in ka bi ta bayan tsohon gini, kana jin wani abu can ciki kamar rediyon da aka bari a kunne a ƙarƙashin bargo. Sun daina bi ta nan.

Amma uwa ba bango ba ce, ita in ta saurara tana ganewa. Inna ta ga yadda Auta yake tashi daga tabarma in yayansa ya shigo. Ta ga ba ya cin abin da ya aiko. Ta ga in an kunna labarai yakan fita ya tsaya a rana. Shekara da shekaru tana tarawa.

Ranar da ciwo ya kwantar da ita kwanciyar da ba tashi, ta sa aka fitar da mata da jikoki, ta ce a bar mata Ƙararrawa da Auta. Ɗakin yana warin magani da man zafi. Ta dubi Ƙararrawa, muryarta ta zama kamar takarda.

"Babba, ban san me ka yi masa ba, kuma ba na son in sani. Ni ba alƙali ba ce. Ga shi nan. Ka roƙe shi gafara a gabana, in tafi da sanyin zuciya."

Ƙararrawa ya durƙusa. Wannan karon da gaske yake. Ya buɗe baki.

Harshensa ya je ya tarar da rami.

Ya bi ta wata hanyar. Rami. Ya nemi ta yara, ta manya, ta addu'a, ta wasa. Yana da kalmomin yaƙi da na sulhu, na farashin mai, na ambaliya, sunayen shugabannin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Gumi ya jiƙa mayafin wuyansa. Ya runtse ido. Ya buga gwiwa a ƙasa. Leɓensa yana rawa, iska kawai take fita.

Inna ta zuba masa ido. Abin da ta gani shi ne abin da ta sha gani a tsakar gidanta in baƙi sun zo.

"Har a nan?" in ji ta. "Har a nan kake kwaikwayonsa?"

Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya juya wurin Auta, mutum ɗaya a duniya da ya san ba wasa yake ba, ya kama gefen rigarsa. Auta ya dube shi daga sama. Gyaɗa kai ɗaya ya isa, ko ya dafa kafaɗarsa. Ya tsaya yana kallonsa, da haƙuri, ba gaggawa, yana jiran kalmar ta fito.

Inna ta jira ita ma, iya ƙarfinta. Sannan ta ce Auta ya juya ta ta fuskanci bango. Ya juya ta. Ba ta ƙara juyowa ba.

Washegari da yamma Ƙararrawa da kansa ya karanta sanarwar rasuwarta. Bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.